Shekarar da Kanwata ta Cinye Motar Habu

A walimar auren 'yar yayanku, da aka miƙa masa abin magana don ya yi godiya, na ji yana gaya wa jama'a wai uwarsu ita kaɗai ta raine su da cinikin kanwa, babu wanda ya sa mata hannu. Mata suka ɗauki guɗa, ni kuwa ina cikin rumfa ina jin kamar in nutse don kunya. Baffanku Habu yana zaune a sahun gaba da sandarsa, an ce mini har ya fi kowa gyaɗa kai. Ban ce komai ba a ranar, don ba a gyara wa magidanci zance a gaban surukansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro a makarantar manya, gara in gyara ta da hannuna tun ina da sauran gani. Ban raine ku ni kaɗai ba.

Da na fita takabar mahaifinku, Allah ya jiƙansa, dangi suka taru a zauren gidan nan namu na Gumel don a san yadda za a yi da ku. Ku huɗu ne, auta tana goye a bayana. Wan mahaifinku, Baffa Alhaji na Gagarawa, shi ne babba, shi ya yanke magana: maza biyu su bi shi, babbar macen ta tafi wurin gwaggonku a Sule Tankarkar, auta ta zauna da ni zuwa yaye, ni kuma in koma gidanmu in yi aure kamar kowace mace. Kada waninku ya riƙe shi a zuci. Abin da aka saba ke nan, kuma mutum ne mai hatsi da shanu, da ba za ku taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Ni ce dai na kasa. Daga bayan labule na roƙi arziki a bar mini 'ya'yana a gabana, zan nema. Ya ce ya ji, amma da sharaɗi. Duk ranar da ya ga tukunya ta gagare ni zai zo ya ɗauke ku, kuma ba ya son kuka a ranar. Na ce na yarda.

Abin da na sani shi ne kanwa, don kakata ta yi sana'ar. Duk Alhamis ina kasuwar Maigatari, inda mutanen Nijar suke sauke jar kanwa da fara da gishirin mangul da na balma. Sai in saro 'yan buhunana, in kawo gida in farfasa in kasa, matan unguwa su saya don kunu da wake da miyar kuka, masu dabbobi kuma su auni ta lasa. Ragowar in bi da ita ƙauyukan wajen Ɗanzomo. Sana'a ce mai rufin asiri, sai dai tana da hali guda: direbobin ƙananan motoci ba sa son ganin ta. Manyan 'yan kasuwa a motocin katako suke lodawa, ni kuwa mai buhu uku ko huɗu babu babbar motar da za ta tsaya mini. A lokacin ban damu in san dalilin ƙin ba, na ɗauka wulaƙancin direbobi ne kawai, tunda ni ina da nawa direban.

Baffanku Habu shi ne autan su mahaifinku, yana jan wata tsohuwar wagan mai kujeru layi uku tsakanin Gumel da Maigatari. Da ita yake ci da matarsa Binta da 'ya'yansu. Kun san shi yanzu da furfura da tasbaha, ba ku san shi da ƙuruciya ba. Ban taɓa ganin mutum mai tsokana irinsa ba, ga shi kuma ƙanin miji, wanda al'ada ta ba shi lasisin wasa da ni. Tun ina amarya yake ɓoye mini ludayi, yake ce wa tuwona dutsen niƙa. Bayan rasuwar ma bai fasa ba, kuma na gode masa, don a watannin nan shi kaɗai ne yake shigowa gidan ba da fuskar ta'aziyya ba. Shi yake cusa buhunana ƙarƙashin kujerar baya da bayanta, ni in zauna a kai in ɗora ƙafa. Duk ranar kasuwa, in ya ɗaga buhun farko, sai ya yi nishi kamar mai naƙuda ya faɗi magana guda:

"Matar Yaya, kanwarki fa cinye mini mota take yi. Ki ba ni ƙanwarki in huta da kanwarki."

Ni kuma in ce masa ƙanwata ba ta auren mai warin fetur, fasinjoji su yi ta dariya, mu kama hanya. Haka muka yi shekaru. Wa zai tsaya ya auna maganar abokin wasa? Rabin zancen ƙarya ne, don ya san ƙannena duk suna ɗakunan mazajensu, sai na haɗa da ɗaya rabin na zubar.

Shekarar da nake ba ku labari an yi damina mai ruwa. Kanwa da gishiri kuwa ba sa shiri da laima, da sun ji sanyin ruwa sai buhu ya fara naso, ka ɗaga ka ga wurin ya jiƙe. Wata Alhamis muna dawowa da la'asar bayan an ɗauke ruwa, ina kujerar baya tare da wani dattijo dillalin shanu. Motar ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe, sai muka ji ƙara kamar an fasa tulu, ruwan taɓo ya feso mana har fuska. Ina dubawa sai na ga ƙafar dattijon ta shige ƙasa har ƙwauri, yana salati, kuma ta gefen buhuna ina hango kwalta tana gudu. Allah ya tsare, ƙujewa kawai ya yi, amma takalminsa ya tafi. Habu ya tsaya, ya koma da gudu ya tsinto takalmin, ya goge da rigarsa ya miƙa, har yana tambayar mutumin ko nan ne ya ce a sauke shi. Dattijon bai yi dariya ba. Kafin magariba magana ta kai wurin shugaban direbobi, aka cire motar daga layi, aka ce ba za ta sake lodin mutum ba sai an ga ƙasanta da ido.

Washegari na bi shi garejin wani mai gyaran jikin mota a bayan tasha, Malam Lawali, mutumin Damagaram ne, kowa Toliye yake ce masa, sunan sana'ar ke nan a wajensu. Na je ne da niyyar jaje, har da shirin tsokanar da zan yi. Suka kwance kujeru suka fitar, suka ɗaga shimfiɗar roba, sai ga tabarma. Suka ɗaga tabarma, sai ga kwali. Ƙarƙashin kwali ga guntun katako, ga langa-langa, ga murfin duro an buga shi ya miƙe, har da wani tsohon faranti da na gane na Binta ne. Duk Habu ne ya yi ta jerawa, wani bisa wani, shekara da shekaru. Da aka kwashe su duka na leƙa. Gaban motar da sauran lafiyarsa, amma daga tsakiya zuwa baya ƙarfen ya zama kamar rariya, ja wur da tsatsa, kuma kowane rami an kewaye shi da farin ɓawo. Ba sai an gaya mini ba. Na san wannan farin, shi ne a tafin hannuna kullum. Har inda kowane buhu yake kwanciya ana iya nunawa.

Na juya na dubi Habu, na tambaye shi me ya sa bai taɓa gaya mini ba.

"Ni? Wace Alhamis ce ban gaya miki ba?" in ji shi, yana dariya har da riƙe ciki.

Toliye bai sa baki a dariyar ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana bin ƙasan motar yana ƙwanƙwasawa, yana kasa kunne. Inda ƙarfe yake da rai sai ka ji ya amsa tangararau, inda ya mutu sai ka ji ɗif kamar an bugi danƙo. Ya bi da sukundireba yana tsokana, wurin da kake gani lafiya sai ka ga ta shige. Da ya gama ya ce aiki iri biyu ne. Akwai faci, a ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓe a shafe da baƙin fenti, gobe a koma layi, kuma shi ba ya yin wannan, sai dai a kai wa wani. Akwai kuma a yanke duk abin da ya ruɓe har a tarar da lafiyayye, a yi wa motar sabon ƙasa, wannan kuwa sai an yi haƙuri, don ba aikin mako ba ne. Sannan ya dube ni, ba da faɗa ba, ya ce:

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ko na sa tol, ƙarfe mai kaurin ƙofar kurkuku, in kayan nan suka koma inda suke kwanciya, damina biyu sun gama da shi. Mato da kanwa ba su zama ɗaki guda."

Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba. Abin da ya fi ci mini rai ba asarar hanya ba ce, tunanin cewa duk tuwon da na tuƙa muku a shekarun nan daga jikin abincin wani gida nake gutsurowa, mai gidan yana gani yana dariya. Na rantse a raina ko an gyara motar ba zan ƙara sa mata ko ƙulli ɗaya ba. Alhamis ta zagayo na je tasha na bi direbobi ɗaya bayan ɗaya. Da can ma ba sa so, balle yanzu da kowa ya je ya leƙa motar Habu ya ga aya. Wani ya ce in hau shi zai kai ni kyauta, amma ban da kaya. Na gwada ƙuli-ƙuli, na gwada dafa-duka a ƙofar gida, unguwar kuwa kowace mace abin da take yi ke nan. Kanwar da ta rage na sayar har ƙurar buhu. Muka koma cin abinci sau biyu, daga baya na rana ya zama kwaɗon rama.

A kan kwaɗon nan Baffa Alhaji ya same ku. Ya shigo Gumel wata hidima ya biyo ya gaishe mu, ya tarar da ku huɗu kun kewaye kwano ɗaya. Bai yi faɗa ba, bai ce ai ya faɗa ba. Ya sa aka shigo da buhun gero, sannan ya kira ni zaure ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya gani, mutane sun gani, amma alkawari alkawari ne. Ya sa rana, Juma'ar farko bayan an gama yankan gero. Habu yana wurin, sai Alhaji ya ce masa in motar ta tashi kafin nan shi zai kwashe yaran da kayansu. Ina jira in ji ya yi wata tsokanar da za ta karya maganar, sai na ji ya ce to. To kawai. Wallahi wannan to ɗin ta fi maganar Alhaji yi mini ciwo, na kwana biyu ko gaisuwarsa ba na amsawa da kyau.

Duk da haka ban iya zama a gida ba. Ni na ɓata, ya kamata a ga ƙafata a wurin gyara. Toliye ya ce akwai aikin da zan iya: kafin wuta ta taɓa motar sai an wanke duk wani farin ɓawo daga kowane lungu, don in aka bar ko kaɗan zai ci gaba da ci a ƙarƙashin fenti. Na ɗaure zane na shiga da soso da bokiti, na wanke, aka shanya ta a rana, na sake wankewa. Daga nan na zama 'yar kallo a gindin darbejiyar garejin. Wata rana na kai musu kunu, Habu ya kurɓa ya ji na kanwa ne, ya ce wa Toliye ya yi maza ya rufe motar kada ta ji ƙanshin maƙiyinta.

Na ga masu sana'a a rayuwata, amma aikin mutanen nan biyu ya burge ni har yau. Sai da suka sauke tankin mai, suka janye bututun mai da na birki gefe, kafin a kunna wuta. Toliye ya zana da alli inda za a yanka, kuma kullum yakan wuce bakin tsatsar da kamar faɗin yatsu, ya ce ciwon ya fi abin da ido yake gani. Da suka gama yanka, motar ta zama ƙashi zalla, kana tsaye a ciki ƙafarka tana kan ƙasar Allah. Mutane suna wucewa suna yi wa Habu jaje, wasu suna ce masa ya sayar wa 'yan gwangwan ya huta. Sabon ƙarfen daga rufin wata matacciyar mota suka yanko shi, da duro biyu da aka ƙone aka fasa aka miƙar. Toliye yakan ɗora kwali a kan ramin ya bi bakinsa da yatsa har ya fito da siffar wurin, ya yanka da almakashi, ya gwada, ya rage, kamar tela yana yankan wuyan riga, sai kwalin ya zauna daram sannan ya ɗora shi a kan ƙarfe. Habu kuwa shi ne mai guduma. Direba ne, hannunsa bai saba ba, tafinsa ya yi ruwa ya fashe ya sake yi, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Suna ɗora ƙarfen a kan wani kututture mai kwari suna buga masa layi-layi, na tambaya ko ado ne, Toliye ya ce ƙarfe shimfiɗaɗɗe lanƙwasa yake yana kuka in an taka, waɗannan layukan su ne haƙarƙarinsa.

Waldar ma ba a jere yake yin ta ba. Ya ɗiga nan, ya tsallaka can nesa ya ɗiga, ya dawo, ya jira wuri ya huce, don in zafi ya taru a waje ɗaya sai ƙarfen ya murɗe. A hankali ɗigon suke haɗuwa har su zama ɗinki guda. In ya gama layi sai ya shiga ƙarƙashi, Habu ya haska daga sama, duk inda haske ya ɓullo ko kamar bakin allura ne sai an koma. Bayan nan jan fenti na maganin tsatsa, sannan kwalta mai zafi ta ƙasa, Habu yana kwance a rigingine yana shafawa, tana ɗiga masa a gemu. Duk wannan ana yi ne a tsakiyar kaka, lokacin da kasuwar Maigatari take cika maƙil, abokan layinsa suna sawu a kan sawu, shi yana kwance cikin ƙasa. Binta ta koma saƙar hula da surfe don a rufa asiri, kuma ko sau ɗaya ba ta canza mini fuska ba.

Sun gama gaba da tsakiya, saura baya, sai na iso wata safiya na tarar suna musu ƙasa-ƙasa. Na ji Toliye yana ce wa Habu ya sake tunani, in aka yanke wannan ba ya komawa, kuma ga shi da iyali. Da suka gan ni suka yi shiru. Na ga tulin katako a gefe da wani kwali da aka yanka mai zurfi, ba irin na sauran ba, na tambayi na mene ne. Habu ya ce ɗaki yake gina wa amarya, tunda na hana shi ƙanwa zai tare da kanwa. Raina a ɓace yake, ranar Alhaji ta matso, na ce masa shi komai wasa ne, 'ya'yan ɗan'uwansa za a raba kamar goro yana nan yana shirme. Na juya na tafi, ban sake komawa garejin ba. Na zauna ina wanke muku tufafi ina ɗinke waɗanda suka yage, ina ƙulla na kowa daban. Ku kuna murna za ku shiga mota, auta kaɗai ce take bi na da ido.

Ranar Juma'a da hantsi Baffa Alhaji ya iso da Hajiyarsa da gwaggonku. An tsara shi zai zauna gaba, mu mata uku a tsakiya don in raka ku, ku kuma da ƙullin kayanku a kujerar baya. Na yi alkawarin ba kuka, har lokacin kuwa ina cikawa. Muna zaure muka ji tsayuwar mota. Muka fito, ga ta an wanke ta tas, Habu ya sha farar riga. Alhaji ya buɗe gaba ya taka ƙasan da ƙafa, ya buga da sandarsa, ƙarfe ya amsa, ya ce madalla, aiki ya yi kyau. Ya ce a sa kayan yara. Habu ya zagaya ya ɗaga ƙofar baya.

Babu kujera. Inda take a da an yi wani akwati mai zurfi tun daga bayan kujerar tsakiya har ƙofa, ƙarfe ta waje, an shafe shi da kwalta, an jera katako a ciki an bi da robar taya, ga ɗan bututu a kusurwa da zai zubar da naso waje ba tare da ya taɓa jikin motar ba. A ciki kuwa buhuna huɗu ne a kwance, jar kanwa da fara da mangul, ɗaurin mutumin da nake saro a wurinsa. Ashe jiya Alhamis ya je Maigatari shi kaɗai.

Alhaji ya dubi akwatin, ya dubi ƙaninsa.

"Ina kujerar?"

"Na cire ta, Yaya. Har ƙafafunta an yanke."

"To yaran a ina za su zauna?"

Habu ya durƙusa a gabansa nan bakin titi, da farar rigarsa.

"A gidan ubansu, Yaya, in ka yarda."

Na tsaya ina jiran dariyar, don ban taɓa jin ya kai ƙarshen magana ba tare da ita ba. Ba ta zo ba. Alhaji ya tambaye shi ko ya san abin da ya yi, layi guda na fasinja ya zubar, zuwa da dawowa, yau da gobe har motar ta mutu, shi da yake da nasa bakunan da zai ciyar. Habu ya ce ya sani, Binta ma ta sani, da ita aka yanke. Ya ce sharaɗin da aka yi shi ne in tukunya ta gagara, to ga abin da zai hana ta gagara, kuma shi ba tsallake maganar babba ya yi ba, roƙo yake yi. Gwaggonku ta fara share hawaye da bakin mayafi. Alhaji ya zagaya motar a hankali, ya sa hannu ya shafa katakon, ya murza ɗan gutsuren kanwa a yatsunsa. Ya daɗe a tsaye yana ba mu baya. Da ya juyo idonsa ya kaɗa, bai dube ni ba, ya ce wa yayanku da ƙaninsa su daina tsayuwa kamar baƙi, su kama wa baffansu a shigar wa uwarsu da kayanta. A nan na karya alkawarin da na yi masa, na yi kukan da ya ce ba ya so, bai kuwa hana ni ba.

Motar nan ta ƙara shekaru masu yawa a hanya, ƙasanta bai sake ɓulewa ba har injin ya gaji. Amma ba ta ƙara ɗaukar cikakken lodi ba. A tasha suka sa mata suna Guntuwa, 'yan kamasho suna tsokanarsa da ita, shi ya fi su iya faɗa. Abokan layinsa suka canza motoci, wasu suka yi biyu, wasu suka je Makka, shi yana nan da Guntuwa da buhunana a bayansa duk Alhamis, har ranar da yayanku ya fara ɗaukar albashi ya ce in huta. Kuna yi masa dariya kuna cewa Baffa Habu bai iya neman duniya ba. Ya iya sarai. Na yi ta ƙoƙarin in yi masa godiya ta gaske, ko sau ɗaya bai bari na kai ƙarshe ba, sai ya katse ni ya ce tuwona har yanzu bai daina fasa haƙori ba.

Da yammacin waccan Juma'ar da aka zo ɗaukar ku ya dawo da kujerar a saman mota, ya ce ba shi da wurin ajiye tarkace, ya jingine ta a gindin bangon ɗakina ya tafi. Ita ce baƙar kujerar nan ta tsakar gida mai yagaggen gefe, wadda kuka yi ta faɗa a kan wa zai zauna a tsakiya. A kanta kuka ci tuwo, a kanta kuka yi aikin makaranta, a kanta na yi wa matan kitso. A kanta aka shirya za ku bar gidan nan, sai ga shi a kanta kuka girma ku huɗu, a gabana.